Rufe Hanya Don Tare Annoba: Me Baure Ta Samu, Me Ta Rasa?

Da ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, 11 ga Afrilun 2020, dokar kulle ta fara aiki a Daura, ba shiga ba fita. Kwana huɗu kafin nan Gwamna Aminu Bello Masari ya sanar da cewa korona ce ta yi ajalin wani likita mai asibitin kansa a garin, wanda ya rasu bayan dawowarsa daga Legas. Da aka gwada iyalinsa, sai aka samu mutum uku sun kamu. Daura ce ƙaramar hukuma ta farko da aka kulle a Jihar Katsina.

Mutanen Baure kuwa, wannan kulle ya tarar da su da ƙofa ɗaya a rufe tun tuni. Tun ranar 20 ga Agustan 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da fetur, a watan Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da annoba ta kunno kai a watan Maris, Nijar ma ta rufe nata ɓangaren. Jihar Katsina ta rufe hanyoyin da suka haɗa ta da sauran jihohi a ƙarshen watan, daga baya gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi gaba ɗaya, dokar da ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli. Baure, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum kusan dubu 200, ta wayi gari da shinge ta ko'ina: hanyar Magarya ta Nijar ta arewa, hanyar Babura ta Jigawa ta gabas, hanyar Daura ta yamma.

Har yau in hira ta biyo ta kan wannan shekara, a majalisa ko a tasha, mutane kashi biyu suke rabuwa. Wasu su ce ba don an rufe ba da gawa ta fi ƙarfin masu haƙa kabari. Wasu su ce wahalar da aka sha ta fi cutar da aka guda. Tunda annoba ba ta yin bankwana na har abada, ya kamata a saurari kowane ɓangare da kunnen basira kafin wata ta zo.

Hujjar masu cewa a rufe

Hujjarsu ta farko ita ce cuta ba ta da ƙafa, mutum ne ke ɗaukar ta, kuma tarihi yana bayansu. Murar da ta game duniya a 1918 ta jirgin ruwa ta sauka Legas a watan Satumba, ta bi layin dogon da ya iso Kano tun 1911, cikin 'yan makonni ta watsu a Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kusan rabin miliyan a Najeriya, a lokacin da mutanen ƙasar ba su kai miliyan 20 ba. Korona ma sawun matafiya ta biyo. Wanda aka fara samu da ita a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 Ba'italiye ne da ya sauka Legas ta jirgin sama. Na farko a Nijar, ranar 19 ga Maris, ma'aikacin wani kamfanin sufuri ne da ya biyo ta Lome da Akra da Abijan da Wagadugu. Na Daura daga Legas ya dawo. In haka ne, in ji su, rage tafiya rage cuta ne, kuma wannan lissafi ba ya bukatar digiri.

Ta biyu hujjar addini ce, wadda ta fi kowace nauyi a kunnen Bahaushe. Malamai sun yi ta tunatar da mutane labarin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, lokacin da ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can. Ya tsaya a wani wuri da ake kira Sarg ya yi shawara da sahabbai, ra'ayi ya rabu, har Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudunta. Umar ya juya da tawagarsa Madina. Masu goyon bayan kulle suna cewa killace gari ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo, kuma ɗaukar mataki ba ya rushe tawakkali.

Ta uku ita ce raunin asibitocinmu. Lokacin da cutar ta shigo Daura babu ɗakin gwajinta a duk faɗin Jihar Katsina, sai an ɗauki samfuri an fita da shi wata jihar a jira sakamako. Wanda numfashi ya sarƙe masa a wani ƙauye na Baure, kafin a samu mota a kai shi inda ake da iskar taimakon numfashi a Daura ko Katsina, sai wanda Allah ya ja kwanansa. Kano ta nuna abin da ake tsoro. A watan Afrilu da farkon Mayu aka yi ta binne dattawa, malaman jami'a da 'yan kasuwa da masu sarauta, har daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce bincike ya gano mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Motocin Kano kullum suna kan hanyar Daura da Baure. A Daura ma cutar ba ta ji kunyar kowa ba, domin a watan Mayu har fadar Mai Martaba Sarki, Alhaji Umar Faruk Umar, sai da aka rufe na ɗan lokaci.

Suna kuma roƙon a yi wa hukuma adalci, a auna ta da abin da ta sani a lokacin. A watan Maris na 2020 babu magani, babu rigakafi, ga hotunan asibitocin Italiya sun cika sun batse. Allurar farko ba ta iso Najeriya ba sai 2 ga Maris na 2021. Shugaban da ya zauna ya naɗe hannu a irin wannan hali, in abin ya ɓaci, da wane baki zai yi wa jama'a bayani?

In aka ce musu rufe hanya ba ya aiki, sai su kawo misalin tsibiran Samowa a tekun Fasifik. A watan Nuwamban 1918 hukumar Samowa ta Yamma ta bar wani jirgin ruwa mai ɗauke da marasa lafiya ya sauke fasinja, mura ta kashe kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar. Maƙwabciyarta da ke hannun Amurka ta hana jirage tsayawa, ba ta rasa ko mutum ɗaya ba.

Hujjar masu cewa an yi kuskure

Su kuma waɗannan daga ƙasa suke fara magana. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma a yankin Baure fili ne shimfiɗaɗɗe na jigawa da gonakin gero, babu kogi babu dutse. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka raba ƙasar da tarihinta ɗaya. Bayan jihadi, lokacin da sarautar Daura ta rabu uku, Fulani a birni, zuriyar tsofaffin sarakuna a Zango da Baure, hulɗar Baure da Damagaram ta fi ta ko'ina ƙarfi. Wani masani Ba'amurke, William Miles, ya rubuta littafi sukutum a 1994 kan ƙauyuka biyu maƙwabta, 'Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta ƙasar Magarya, don nuna yadda layin ya raba jama'a ɗaya. Har gobe akwai mai gida a Najeriya gona a Nijar, akwai wadda ɗakin aurenta ke nan, iyayenta na can. Wanda ya ce ya rufe irin wannan iyaka, mashigan hukuma na Babban Mutum da Kwangwalam kawai ya rufe.

Abin da ke faruwa in an rufe ƙofa kowa a yankin ya san shi. Mota ta sauke fasinja nesa da shinge. 'Yan acaɓa na jira a gindin bishiya, kowa ya ɗauki mutum biyu ko uku da ƙullin kayansu, a bi ta cikin yashi, a ratsa gonaki, a ɓulla bayan shingen. Kuɗin da ake biya ya ninka, mutanen da da za su zauna a kujerar mota sun manne da juna a kan babur, kuma babu wanda ya auna zafin jikinsu ko ya rubuta sunansu da garin da suka fito. Ruwan damina ne aka tare wa kwalbati: ba ya komawa sama, ta cikin gidaje yake bi. Masu wannan ra'ayi suna cewa rufe ƙofa bai hana tafiya ba, wuri ɗaya tilo da hukuma ke iya ganin matafiyi da idonta shi ya rufe.

A manyan hanyoyi ma haka abin ya kasance. Dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi ta yafe wa motocin abinci da dabbobi da magani da mai, don haka mutane suka koma fasinjan tirela. A daidai lokacin ne 'yan ci-rani ke haramar komawa gida, domin ruwan shuka ba ya jiran sanarwar gwamnati. Mai turin baro a Legas da mai yankan farce a Fatakwal da mai ga-ruwa a Abuja, aiki ya tsaya, kuɗin abinci ya ƙare, gona na kira. Suka dinga kwanciya a kan buhuna ƙarƙashin tamfol, mutum ashirin ko talatin a bayan mota ɗaya, kwana biyu suna shaƙar numfashin juna. A shinge direba ya sauko ya rusuna, ya ce, “Ranka ya daɗe, kayan abinci ne.” A haska fitila, a ga ƙafafu, a ɗan ja gefe a yi magana, a miƙa na goro, a ɗaga sanda. Ba kowane jami'i ne ya yi haka ba, amma an yi shi da yawan da dokar ta zama haraji a kan talaka, mai hali kuma ya wuce cikin sanyin motarsa da takardar izini.

Sai maganar ciki. Yawancin mutanen Baure da kewaye hannu baka hannu ƙwarya suke rayuwa. Manomi ba ya ajiye kuɗi a banki, akuya ce asusunsa da tiyar wake da riɗi, ranar kasuwa yake fitar da su ya sayi gishiri da magani da taki. Babbar kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, mai ci ranar Lahadi, da dabbobin Nijar da fataken Kudu take rayuwa, kuma dillali da mai sayar da igiya da mai fura da mai shayi duk a inuwarta suke ci. In hanya ta tsaya, duk waɗannan sun tsaya. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu a cikin wannan hali, lokacin da rumbuna suka fara yin ƙasa. A nan ne maganar “yunwa ta fi korona” ta samu gindin zama. Tallafin da aka yi alkawari kaɗan ne ya isa ƙauye, kuma a watan Oktoba duniya ta ga yadda aka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama aka tarar da kayan tallafi jibge. Zuwa Maris na 2021 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta kusa kashi 23 cikin ɗari.

Akwai kuma rayukan da aiwatar da dokar ya ci. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyun farko na dokokin kulle a Najeriya, jami'an tsaro sun kashe mutum 18, alhali cutar kanta 11 ta kashe zuwa lokacin. A Kusada, nan cikin Jihar Katsina, rikici kan hana sallar Juma'a ya kai ga ƙona ofishin 'yan sanda a ƙarshen Maris. A Mirya ta jihar Damagaram ma an yi tarzoma kan rufe masallatai. Ga kuma asarar da ba ta shiga lissafin kowa ba: mai naƙuda da aka rasa motar kai ta asibiti da dare saboda dokar hana fita, mai ciwon suga da maganinsa ya ƙare, yaron da aka tsallake masa allurar ƙyanda.

Misalinsu na ƙarshe Ebola ce. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya shigo da ita Legas. Ba a kulle ƙasa ba. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, abin da ya zama sanadin rasuwarta, ma'aikatan lafiya suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, gida gida. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita. Bin sawu, in ji su, shi ne aiki, shinge kuwa aikin ganin ido ne.

Inda kowace hujja take da rami

In aka ɗora maganganun nan a sikeli, kowane ɓangare akwai inda ƙafarsa ke zamewa.

Samowa tsibiri ce, ƙofarta tashar jirgin ruwa ɗaya. Baure ba ta da teku. Hadisin da ake kafa hujja da shi kuwa a kan wurin da annoba ta sauka yake magana, ya ce a killace shi. A watan Afrilun 2020 wuraren da ta sauka irin su Legas ne da Abuja da Kano da birnin Daura, ba ƙauyukan Magarya ba. Wannan shi ne babban abin lura a labarin yankin nan: iyakar arewa ta shafe wata bakwai a rufe, amma cutar ta shigo masarautar ta kudu, daga garin da ke da nisan fiye da kilomita dubu, ta hanyar da take a buɗe. Filayen jiragen saman Legas da Abuja ba a hana su karɓar jiragen waje ba sai 23 ga Maris, kusan wata guda bayan samun mutum na farko. An makara wajen rufe ƙofar da cuta ke bi, an daɗe da rufe wadda hatsi da dangi ke bi.

Gwamnatocin ma da hannunsu suka karya hujjarsu. A daidai lokacin da aka hana kowa tafiya, gwamnonin Arewa suka shiga kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali, mafi yawa ba tare da gwaji ba. A Kaduna, cikin yara 169 da aka dawo da su daga Kano, 65 aka samu da cutar. Wannan adadi takobi ne mai kaifi biyu. Ya tabbatar da cewa tafiya na yaɗa cuta, ya kuma nuna cewa hukuma da kanta ta shirya gagarumar jigilar mutane a lokacin kullen.

Ɗaya ɓangaren ma ba a bar shi a baya ba wajen wuce gona da iri. Ebola sai ta kwantar da mutum take yaɗuwa, ta hanyar taɓa jini ko ruwan jikinsa. Korona a iska take, kuma mai ita yana iya raba ta alhali yana yawonsa garau. Dabarar da ta kama ta farko ba lalle ta kama ta biyu ba. Tsadar abinci ma ba kulle kaɗai ya haife ta ba: akwai rufe iyakar 2019 da ba ta da alaƙa da lafiya, akwai faɗuwar darajar naira, akwai 'yan bindigar da suka hana noma a yammacin jihar. Adadin da hukuma ta bayar na waɗanda cutar ta kashe a Najeriya, wanda bai kai 3,200 ba cikin kimanin mutum 267,000 da aka tabbatar sun kamu, ba ya nuna cewa abin wasa ne, domin gwajin da aka yi kaɗan ne, kuma a ƙauye mutum kan rasu da safe a binne shi kafin azahar ba tare da takarda ba. Yawan matasa a cikin al'umma ya taimaka mana ƙwarai, kuma wannan sa'a ce, ba dabara ba. Masu cewa “cutar manya ce” ko “ta masu hawa jirgi ce” su tuna da sanƙarau na 1996, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, mafi yawa 'ya'yan talakawan Arewa, har Saudiyya ta hana maniyyatanmu zuwa aikin Hajji a shekarar. Annoba ta gaba tana iya zama mai cin yara.

Kulle uku ne, ba ɗaya ba

A ganina abin da ke dagula muhawarar shi ne ana haɗa abu uku a kira su da suna ɗaya.

Kullen birnin Daura yana da hujja. An san cutar tana ciki, an san gidan da ta shiga, wanda ya kamu likita ne da ya yi hulɗa da marasa lafiya da yawa, kuma gari ne da ake iya tsare hanyoyinsa. Kulle irin wannan lokaci yake saya wa ma'aikatan lafiya su bi sawu su yi gwaji. Darajarsa tana ga abin da aka yi da lokacin da kuma abincin da aka shigar wa waɗanda aka tsare. In an rufe mutane ba a gwada ba, ba a ciyar ba, an karɓi kuɗin magani ne ba a ba da maganin ba.

Hana tafiya tsakanin jihohi yana da ma'ana a makonnin farko, kafin cutar ta bazu. Da ta shiga kusan kowace jiha, kuma kowa ya ga shingen na ɗaguwa da kuɗi, ci gaba da shi har Yuli bai ƙara komai ba sai tsadar mota da cunkoso a bayan tirela.

Rufe iyaka tsakanin Baure da Magarya shi ne mafi raunin hujja. Ta fuskar cuta yankunan biyu gari ɗaya ne, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, makabarta kusa da juna. Kuma an ga yadda rufewar ta daɗe fiye da dalilinta. Da Najeriya ta fara buɗe iyakoki ranar 16 ga Disamban 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfun aka ambata. A Afrilun 2022 aka ƙara Idiroko da Jibiya da Kamba da Ikom. Babu Kwangwalam ko Babban Mutum a jerin biyun. Nijar ma sai a watan Yunin 2021 ta buɗe iyakokinta na tudu. Dokokin lafiya na duniya na 2005, waɗanda ƙasashen biyu suka amince da su, sun nemi kada matakin lafiya ya takura tafiya da ciniki fiye da yadda haɗarin ya bukata. Mu kanmu mun ɗanɗani zafin saɓa wannan ƙa'ida a Disamban 2021, lokacin da Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga saboda nau'in Omikron, alhali nau'in ya riga ya bazu a Landan. Cikin kwana goma ta janye. Abin da muka kira zalunci da aka yi mana daga Turai, bai kamata mu ga daidai ne a yi wa mutumin Magarya ba.

Kafin wata ta zo

Ba sai an je nesa neman abin koyi ba. Yaƙi da shan-inna a wannan yanki ya yi nasara ne ba tare da rufe iyaka ba. An ajiye masu ɗiga rigakafi a mashigai da tashoshi da kasuwanni, an daidaita ranakun aiki da na Nijar, an sa hakimai da dagatai da masu unguwa a gaba, har aka tabbatar da Afirka ta rabu da cutar ta daji ranar 25 ga Agustan 2020, a tsakiyar korona. Mai unguwa ya san wanda ya dawo daga Legas jiya da dare, ya san ɗakin da ya kwana. Babu shingen da ya kai shi sani.

Don haka in annoba ta sake zuwa, a bar ƙofar Babban Mutum a buɗe ga mutanen yankin, a sa ma'aikatan lafiya a bakinta da abin auna zafi da ruwan wanke hannu da littafin rubuta suna, domin mai bin ƙofa ana ganinsa. Jami'an lafiyar Baure da na Magarya su riƙa musayar labari kai tsaye, ba sai ya zaga ta Abuja da Yamai ba, kuma Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda ke nan tun 1971, tana iya shimfiɗa wannan tun yanzu. Ɗan ci-rani a bar shi ya dawo a motar fasinja da rana tsaka, a rubuta shi a tasha, ya zauna gida na kwanakin da likitoci suka ƙayyade ƙarƙashin idon mai unguwa, a kai masa hatsi. Kasuwar mako a rage mata cunkoso, a baza ta a fili, kada a kashe ta. In kuma dole sai an kulle wani gari saboda an tabbatar cutar na ciki, a faɗi dalili da Hausar da kowa zai gane, a bakin malamai da sarakunan da jama'a suka yarda da su, a shigar da abinci kafin a ja ƙofa, a kuma faɗi ranar da za a sake duba dokar.

Rigakafi ya fi magani, wannan ba mai musu. Amma hukumar da za ta hana mutum fita neman abincinsa ta ɗauki nauyi uku a wuyanta: ta nuna cewa cutar ta wannan hanya take biyowa, ta ciyar da wanda ta tsare, ta kuma sa wa dokar wa'adi. Wadda ba ta shirya sauke ukun nan ba, gara ta kashe kuɗin shingen wajen gina ɗakin gwaji a Daura da horar da masu bin sawu a kowace gunduma ta Baure, tun yanzu da ake zaune lafiya.